Ranar Da Na Hana Wata Tsohuwa Kujerar Makka

Ɗalibaina sukan tambaye ni abin da ya sa na ƙarar da rayuwata a kan abu ɗaya, wato yadda za a auna hankali da tunanin mutanenmu ba tare da an zalunce su ba. Nakan ba su amsar da ta dace da aji. Amsar gaskiya kuwa wata tsohuwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram, wadda na yi wa laifi ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran abin laifi ba.

A Birnin Kudu aka haife ni, ni ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyata. Ina firamare aka ba ƙasa mulkin kai, abin da kawai na riƙe na ranar shi ne 'yar tutar da aka ba kowannenmu da shinkafar da muka ci har muka bari. Asalin gidanmu Fulani ne da suka ajiye sandar yawo suka kama noma da ɗan kiwo. Fulatanci ya bar bakinmu tun zamanin kakanni, amma kunya ba ta bar gidan ba. Ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son a kira ni sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa wancan tuwo na hucewa." In na shigo ɗaki ta kau da kai. In na kwanta rashin lafiya kakata ce ke zama a kaina, ita kuwa tana bakin murhu kamar ba ta san abin da ake ciki ba.

Da ban yi karatu ba da abin bai dame ni ba, don haka ake yi wa kowane ɗan fari a unguwarmu. Amma na kamu da ƙananan littattafan nan na soyayya da ake shimfiɗawa a kan buhu a tasha, waɗanda direbobi ke kwasowa daga Kano. In na samu ɗaya sai in haye duwatsun bayan gari, in zauna kusa da kogon da mutanen zamanin da suka zana shanu a jikinsa, in yi ta karatu har rana ta yi sanyi. A cikin littattafan nan kowa yana faɗin abin da ke ransa. Uwa ta rungume ɗanta ta kira sunansa sau uku, budurwa ta rubuta wasiƙa hawaye na ɗiga a kan tawada. Sai na ɗauka haka so yake, wanda bai furta ba ba ya yi. Na girma da wani ɗan ƙulli a zuciya game da Inna, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na shiga jami'a a shekarun da kuɗin man fetur ya fara malala, ana ta shimfiɗa kwalta, kowane malamin makaranta yana mafarkin babur. Fannin da na zaɓa shi ne wanda ke bin diddigin yadda ciwo ko rauni a ƙwaƙwalwa yake canja mutum, maganarsa da tunaninsa, abin da yake iya tunawa da abin da ke ɓace masa. Don digiri na biyu malamina ya ba ni wata takardar gwaji da aka tsara a ƙasar Turawa. Tambayoyi ne da ake yi wa mara lafiya a ba shi maki, in makin ya gaza wani mizani a ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Ni na juya ta zuwa Hausa, na kuwa yi alfahari da Hausar. Malamin ya ja min kunne sosai, kada in canja tambaya, kada in taimaki mai amsawa, kada in bar kowa ya sa baki. Da wannan takarda na dawo gida, aka ba ni wani ɗan ɗaki a asibiti mai tebur ɗaya da kujera biyu, tagarsa na kallon inuwar darbejiya.

A asibitin akwai wata ma'aikaciyar jinya, 'yar Yalwan Damai, ita aka ce ta riƙa shigo min da marasa lafiya mata. Ba zan tsaya siffanta ta ba, don na yi hakan a wasiƙu sun fi goma, duk kuwa ta mayar min da su. Ta ƙarshen ta dawo da 'yar magana a bayanta: "Malam, wannan farin watan da kake ta kira, a wane ɗakin aka kwantar da shi?" Malam mai takarda take ce min. Ni kuwa ko dariya ta yi min ji nake kamar kyauta aka ba ni.

Wata Talata da hantsi, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, wani Alhaji mai motocin haya tsakanin Gwaram da Kano ya kawo mahaifiyarsa. Ya biya mata kujerar Makka a shekarar, burin da ta daɗe da shi tun mijinta na da rai. Sai a farkon azumi ta yanke jiki ta faɗi a bakin garke, ɓarin jikinta na hagu ya yi nauyi, bakinta ya ɗan karkace. Cikin 'yan makonni ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, tana tafiya da kanta. Abin da ya rage shi ne takardar lafiyar da ake nema daga maniyyaci, an kuma ba su kwana goma su kai ta Kano. Babban likitanmu baƙo ne daga wata ƙasa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da "ina ciwo?" ba. Ya auna jininta ya saurari ƙirjinta ya ce jiki lafiya lau, amma ba zai sa hannu ba sai na tabbatar masa hankalinta yana nan, don tsohuwar da ba ta san inda take ba, in ta shiga cunkoson Makka ɓacewa za ta yi.

Alhaji ya tsaya a waje ƙarƙashin darbejiya, malamar jinyar ta shigo da ita. Doguwa ce siririya, ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida da gajiya, ta sa min albarka. Na buɗe takarda, na cire agogona na ajiye a kan tebur.

"Inna, shekarunki nawa?"

"Wa ya ƙirga, ɗan nan? An dai ce shekarar da fara ta cinye gero ina goye."

Na rubuta sifiri. "Yau nawa ga wata?"

"Tara ga watan Sallah."

"Na Turawa nake nufi."

"To ka tambayi Turawan mana."

Malamar jinyar ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Na haɗe rai na ci gaba.

"Wa ke mulkin ƙasar nan yanzu?"

"Allah."

"A cikin mutane, Inna."

"Soja ne, in ji masu rediyo. Ni ban gan shi ba."

Na miƙa mata fensir na ce ta zana min fuskar agogo. Ta karɓe shi da hannu biyu kamar goro aka ba ta, ta jujjuya shi, ta mayar min. "Riƙe abinka, kada in karya maka."

"'Ya'yanki nawa?"

"Alhamdulillahi."

"Nawa ne, Inna?"

"Allah ya ba mu, mun gode."

"Marigayi mijinki fa, yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai tana jan wani zare a bakin zanenta. Na jira minti ɗaya yadda takarda ta ce. Na sake rubuta sifiri. Saura tambaya ɗaya, wadda ke auna ko mara lafiya yana gane nasa. Na nuna taga.

"Inna, dubi can. Wane ne wancan mai farar babbar riga?"

Ta ɗaga ido ta sauke kafin ƙiftawa. "Wani ne."

"Kin san shi?"

"Oho."

"Faɗa min sunansa."

Ta juya min gefe, ta ce wa malamar jinyar, "'Yar nan, in ya gama ki kai ni inuwa."

Zan faɗi abin da na ji a lokacin, ko da ba zai yi min kyau ba. Tausayi ya kama ni, amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan daɗi. Ga uwa ta manta ɗanta, yana tsaye taku goma daga gare ta, irin abin da ke sa ni hawaye a kan dutse ina yaro, ga shi kuma babi guda ne a kundin digirina. Na rubuta cewa ba ta san shekarunta ba, ba ta san kwanan wata ba, ba ta gane ɗan cikinta ba. Likita ya karanta ya girgiza kai ya mayar da alƙalaminsa aljihu.

Ni na fita na gaya wa Alhaji.

"Malam, kana nufin ta zautu?"

"Ba hauka ba ne, Alhaji. Ciwon ne ya taɓa ƙwaƙwalwar."

"Amma ko yau a mota ita ta yi ta ba ni labarin..."

"A hira ba a ganewa. Sai an auna."

Ban gaya masa tambayoyin da na yi mata ba, don an koya min cewa sirrin gwaji ne. Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. "Ku kuka yi karatu," in ji shi. "Innalillahi. Kujerar kada ta tafi a banza, sai in ba Baffa." Ina tsaye ya leƙa motar ya ce mata likita ya ce sai baɗi. Ta ce, "Allah ya kai mu." Ta ɗora hannunta na hagu a cinya tana kallonsa, kamar shi take tuhuma.

Kwana biyu malamar jinyar ba ta yi min magana ba sai ta aiki. Ranar Juma'a na tare ta a baranda tana ninke zannuwan gado.

"Malama, laifin me na yi?"

"Malam mai takarda, tambaya ɗaya zan yi maka, ni ma in ba ka maki. Kai ne na fari a ɗakinku, ko?"

"Ni ne."

"To mu je gidanku yanzu, ka tsaya a tsakar gida, in nuna ka in ce wa Inna ta faɗa min sunan wancan. Maki nawa za ta ci?"

Na sunkuyar da kai. Ita kuwa ba ta daina ninki ba.

"Ka sa dattijuwa a gaba ka ce ta kira sunan mijinta. Ka ce ta ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo, baki ya kama su? Kakata ko kajinta ba ta ƙirgawa. Sannan ka nuna mata ɗan farinta ta taga. Da ƙasa ta tsage a ɗakin nan da ta shige."

"Me ya sa ba ki faɗa min a ranar ba?"

"Ai kai ka ce kada kowa ya sa baki in kana gwaji. Kuma na ɗauka ɗan Birnin Kudu ne a gabana, zai gano da kansa. Ashe baƙo ne. Kwanakinsu na tafiya, shi ya sa na yi magana."

Ta ɗauki zannuwanta ta wuce. Na daɗe a barandar. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba wani sabon abu ta koya min ba. Shekara ashirin da wani abu ina zaune a cikin al'adar nan, ni ne ma ake yi wa ita, amma da na zauna a bayan tebur da agogo a gabana sai na manta, kamar takardar ce ta raine ni.

Washegari na hau babur ɗina na kama hanyar Gwaram. Kaka ta yi, an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, mutane sun cika gonaki. Na yi ta tambaya har na sami ƙauyen. Tana zaune ne tare da ƙaramin ɗanta, wanda ke kula da shanu, da matarsa. Matar ta gaya min a bakin zaure cewa tun da aka dawo daga asibiti ba sa barin ta ta taɓa ƙwaryar nono, ba sa barin ta ta je garke, don an ce likita ya ce ta taɓu. Kwana huɗu kawai maganata ta yi, har ta ƙwace mata aikin da take yi tun tana amarya.

Na same ta a gindin tsamiya a bayan gida tana kaɗin auduga. Kafin in gama tsugunnawa ta ce, "A'a, mai fensir! Ka zo ka ƙarasa ni ne? Rannan farar riga, yau shuɗiya. Ina 'yar nan mai dariya ta fuskanci bango?"

Na bar takardar a jaka. Na zauna a kan saiwar tsamiya muka yi ta hira. Na ce, "Inna, in an je can me ake fara yi?" Ta ajiye mazari ta jero min aikin hajji daki-daki yadda malamin ƙauyensu ya koya mata, daga ɗaura harami har ɗawafin bankwana, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta zo kan jifa ta ɗaga hannun dama ta ce, "Wannan ai lafiyarsa ƙalau. Na tanadar masa duwatsu, amma Allah bai yi ba." Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba.

Da la'asar shanu suka dawo. Na roƙi surukarta ta bari mu je garke tare, na ce ina cikin aikin likita ne. Tsohuwar ta tsaya ta dafa shinge, fuskarta ta canja kamar an kunna fitila.

"Ka ga waccan mai farin goshi? 'Yar baƙar can ce. Baƙar kuwa jikar jikar wadda aka kawo ni gidan nan da ita ce, mai masifa, ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ni. Wancan bijimin uwarsa ta mutu shekarar da ruwa ya cinye gada, da hannu na shayar da shi."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, uwa da kaka da halin kowacce. Ba ta ƙirga ba, ban ga ko leɓenta ya motsa da lissafi ba. Can sai ta ɗaga murya ta kira ƙaramin ɗan nata. "Kai, ina mai karyayyen ƙaho?" Ya waiga ya duba, ya dafe kai, ya juya da gudu ya nufi fadama. Shi da ya wuni da su bai lura ba.

Mun koma gindin tsamiya ke nan. Ranar kasuwa ce a wani gari kusa, motoci na ta wucewa a kan hanya, ko kallon wajen ba ta yi. Sai wata ƙara ta taso daga nesa, ni ban ji bambancinta da sauran ba. Ta ajiye mazari ta kira surukarta.

"Ke, dama furar nan. Kada ki sa sukari, ki sa nono mai tsami. Ba ya son ta da kauri."

Ba ta ce wa ba. Surukar ma ba ta tambaya ba. Jim kaɗan motar Alhaji ta karyo kwana ta tsaya a ƙofar gida. Ya zo ya tsugunna ya gaishe ta, ta kau da kai ta amsa a taƙaice tana kallon audugarta. Ya yi tari sau biyu yana tashi. Yana juya baya na ga idonta ya bi shi, sannan ta ce wa surukar ƙasa-ƙasa, "Tarin nan bai sake shi ba. A jiƙa citta da kanumfari kafin ya tafi."

Na bi Alhaji zaure na ce masa kuskure na yi, na karanta masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo ta taga ya ajiye ludayi ya dube ni.

"Sunana ka tambaye ta?"

"Shi na tambaye ta."

Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. "Malam, shekara arba'in da wani abu ban ji shi a bakinta ba, kai kake so ka ji a minti ɗaya? Ai da ta faɗa, ni da kaina zan ce ta taɓu." Sai dariyar ta ɗauke. "Amma ka ɗaure ni. Na riga na gaya wa Baffa, har an fara zuwa yi masa murna."

Wannan ɓarnar ba ta gyaru da sauƙi ba. Alhaji ya je da kansa ya janye maganar a gaban ƙanin mahaifinsa, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne, ya yi masa alƙawarin baɗi. Baffan ya je ɗin a shekarar da ta biyo baya, amma har ya rasu in na gaishe shi da hanci yake amsawa, ban kuma ga laifinsa ba.

Kafin in tafi na koma na tsugunna a gabanta. "Inna, ki yafe min."

"Me ka yi? Tambaya ka yi. Sai dai tambayar taka ba ta da kunya. Wa ya raine ka?"

"Kakata."

"Ka gaishe ta, ka ce mata da saura."

Na iso Birnin Kudu ana kiran magariba. Maimakon in wuce ɗakina na asibiti sai na bi ta gida. Na kashe babur a ƙofa na shiga zaure, ina cire takalmi na ji muryar Inna daga ciki tana ce wa ƙanwata, "Ga wancan nan. Ɗauko tuwon da na rufe, ki ɗumama miyar, ba ya cin ta da sanyi." Ban aiko cewa zan zo ba. Babura sun fi biyar a unguwar. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu ina tunanin sau nawa aka faɗi irin wannan magana a gidan nan, ni kuwa ina kan dutse ina neman so a cikin littafi. Da na shiga ta kau da kai kamar kullum. Na ci tuwon har na side kwano.

Ranar Litinin Alhaji ya dawo da ita. Na tsaya gaban babban likita na yi masa bayani da bakina, ba abu ne mai daɗi ba ga wanda ya saba a ce ya iya. Ya ce to a sake gwaji a gabansa. Ni da malamar jinyar muka zauna muka shirya wasu tambayoyin a bayan tsohuwar takarda. Nawa ga wata a lissafin da ta sani. Ranakun kasuwannin da ke kewaye da ƙauyensu, bi da bi. Yadda ake fura tun daga surfe. Muka ambata mata abu uku, gishiri da allura da igiya, muka yi wata hirar, sannan muka ce ta maimaita. Ta maimaita, ta ƙara da cewa allurar asibitin nan ba ta cikin waɗanda take so. Likita ya yi dariya bayan an fassara masa, ya ciro alƙalaminsa. Takardar ta isa Kano da sauran kwanaki.

Na rubuta wa malamina na ce kundin da na yi alƙawari ba zai yiwu ba, wani zan rubuta. Bai ji daɗi ba da farko, daga baya shi ya tsaya min. Tun daga nan aikina bai canja ba. Na zaga ƙauyuka, Sundimina da Unguwar Ya da wasu da yawa, ina zama da tsofaffi ina koyon abin da ake iya tambaya da abin da ba a tambaya. Abin da na yi ta gani shi ne ma'aunin da aka ɗauko daga nesa yana tausaya wa wanda ya yi boko, ya wuce ko da ciwon ya fara cinsa, ya kuma kayar da manomi da makiyayi suna lafiyarsu ƙalau, mata kuwa sun fi kowa shan wahalarsa. Na kuma ga ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tsoro. Akwai tsofaffin da mantuwa ta kama da gaske, suka yi shiru, 'ya'yansu suka ce kunya ce, ba wanda ya kai su asibiti. Shiru iri biyu ne, daga waje kamarsu ɗaya, kuma har na yi ritaya ban daina koyon rarrabe su ba. Nakan tuna cewa tsohuwar nan ta tsira ne don an yi sa'a akwai 'yar Yalwan Damai a ɗakin. Ban san nawa ne suka zauna gaban irina babu kowa a gefe ba.

Malamar jinyar ta aure ni bayan shekara biyu, da sharaɗin in daina wasiƙa. Tun ranar da aka kawo ta ba ta sake kiran sunana ba, ko Malam mai takardar ma sai in ta so tsokana. Ban taɓa neman ta kira ba.

Da alhazai suka dawo na je ƙauyen yi wa tsohuwar barka. Na same ta a gindin tsamiyar nan, mata sun kewaye ta, in ta yi dariya haƙorin Makka na walƙiya. An mayar mata da ƙwaryar nononta, ga ta nan a gefe a rufe da faifai. Ta sa aka ɗauko min hula da dabino da ɗan zamzam a kwalba. Alhaji na can nesa a jikin motarsa yana magana da ƙaninsa. Ta ce ta yi wa kowa addu'a a Arfa, har da mai fensir, Allah ya ƙara masa kunya. Matan suka kwashe da dariya. Ni kuma bakina bai iya zama ba.

"Hajiya Inna, da kika zo kan Alhaji a addu'ar, wane suna kika faɗa?"

Ta dube ni ta girgiza kai. "Har yanzu ba ka daina ba? Wanda na roƙa ya san wanda nake nufi." Ta tura min ƙwaryar dabinon. "Ƙara, ka kai wa Innarka."